Daga Hagu Zan Fara?

A wani daji mai tafki guda ɗaya, wanda kakannin dabbobi suka tare ruwansa da madatsar ƙasa, an yi wata magana da ta daɗe a bakin kowa har aka daina cewa "wai" in za a faɗe ta. Maganar ita ce Mantau Dabgi ne ya huda madatsa a daminar da ta wuce, ruwa ya gangara kwari ya cinye 'ya'yan zomaye da na kurege a cikin ramukansu, shi kuwa ya tsere, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. In ka tambayi mai faɗa ko ya gani da idonsa, sai ya dube ka da tausayi ya ce ai ba sai ya gani ba, Allo ne ya faɗa.

Allon nan kwamfuta ce, mai faɗi kamar faifai, mai fuskar gilashi. Wasu masu auna ƙasa ne suka manta da shi a gindin tsamiya, tare da farantin da ke tara masa hasken rana. Ba a daɗe ba dabbobi suka gane aikinsa. Za ka kwatanta masa abin da ka gani, ya zana maka hotonsa. Sai a ja hotunan da yatsa a jera su yadda abin ya faru, shi kuma ya ɗinke su da kalmomi, ya karanto labari da murya mai daɗi wadda ba ta rawa, ba ta tari. Da yake kofato da baki da farce duk gilashin ba ya jin su, sai taushin yatsan biri, aka naɗa Jatau Biri mai kula da Allo. Majalisar daji ta yi murna ƙwarai. Aka ce an huta da shaidar ƙarya, domin Allo ba shi da uwa, ba shi da suruki, ba ya shan ruwa balle ya yi kwaɗayin tafki. Ba wanda ya tsaya ya lura cewa Jatau yana da uwa, kuma yana shan ruwa.

Da Allo ya karanto labarin Mantau, majalisa ta yanke hukunci a zama ɗaya. Tunda mai laifi ya gudu, iyalinsa za su ɗauka: an hana matarsa Tasalla da 'ya'yanta shan ruwan tafki. Aka kuma kafa doka cewa duk wanda ya sake ɗora farce a kan madatsa, hukuncinsa ke nan. Kada, Sarkin Ruwa, wanda kwamitinsa ya sanar cewa shi ya gyara ɓarakar, aka ɗaga shi ya zama shugaban majalisa.

Akwai wata tsohuwar beguwa a dajin, ana kiranta Gwaggo Dela. Ta yi karatun allo a ƙuruciya, ta yi na boko da girmanta, kuma rabin malaman dajin da ƙayarta suka koyi riƙe alƙalami. Halinta shi ne in ta ji kowa ya yarda da abu, sai barci ya ƙaurace mata. Abu biyu suka tsaya mata a rai. Ramin Mantau a cikin kwarin yake, ƙarƙashin madatsa, da 'ya'yansa a ciki ranar da ruwan ya zo. Sannan ba wanda ya ga kwamiti yana gyara. An dai ga Kada da laka a jiki, amma Kada kullum da laka yake, don haka ba yadda za a yi a gane ranar da ya yi aiki.

Da rani ya yi nisa, ta tafi ta sami Tasalla a bayan duwatsu, a bakin wani kududdufi da ya kusa ƙafewa. Yaran na lasar taɓo.

"Sannu da hanya, Gwaggo. Ki yi haƙuri, ba ni da ruwan da zan ba ki."

"Ba ruwa na zo sha ba, 'yar nan. Faɗa mini ranar da mijinki ya fita."

Tasalla ta sunkuyar da kai. "Da la'asar ne, ana tsuga ruwa. Ya kasa kunne ya ce ƙarar nan ba ta sama ba ce. Ya ce in kwashe yara in hau tudu, shi bari ya dubo. Shi ke nan, Gwaggo. In ya mutu, ina gawa? In yana raye, ina ya sa kunyarsa? Ban san ko takaba zan yi ba, ko fushi. Wani lokaci ni kaina sai in ce, to, Allo zai yi masa ƙarya ne? Me ya haɗa su?"

"Shi ya ce ki hau tudu?"

"Shi ya ce."

Gwaggo Dela ta dubi kududdufin, ta dubi leɓɓan yaran da suka tsattsage, ta san ruwan nan ba zai kai su tsakiyar bazara da daɗi ba. Ta juya ta kama hanya.

Daga nan gindin tsamiya ta nufa. Jatau na zaune yana goge gilashin Allo da ganye, ya tarbe ta da fara'a.

"A'a, Gwaggo da kanta! Yau kuma zamani aka zo gani? Kwatanta masa ƙuruciyarki ya zana miki, in dai zai iya tunowa da nisa haka."

"Bar ƙuruciyata inda take, ja'iri. Nuna mini hotunan Mantau."

Ya shafa gilashi, hotuna uku suka fito a jere. Na hagu, madatsa lafiya lau, sumul. Na tsakiya, Mantau a jikin madatsa, da ƙasa cike da faratansa. Na dama, rami ya buɗe, ruwa na feshi, babu Mantau.

"Kin gani? Ko jinjiri ya san abin da ya faru."

"Wa ya jera su?"

"Marka Shamuwa. Ita kaɗai ta gani, tana kan bishiyar kuka. Ita ta kwatanta, ita ta nuna da baki inda zan ajiye kowanne, ni dai ja kawai na yi. Wallahi ban ƙara ko ɗigo ba."

"Ta ji karatun?"

"Ina fa! Ƙarshen damina ne, ayarinsu ya riga ya tashi, ana ta kiranta. Tana gama nunawa ta bi su."

Gwaggo Dela ta daɗe tana kallon hotunan. Ba ta ga ƙarya a cikinsu ba, kuma wannan ne ya fi damunta. Ta koma gida ta jira shamuwa.

Da gajimare ya fara haɗuwa a gabas, shamuwoyi suka sauka a kan kuka. Gwaggo Dela ta riga kowa zuwa. Bayan gaisuwa da tambayar hanya, Marka ta karkata dogon wuyanta ta ce, "Gwaggo, me majalisa ta yi wa iyalin Mantau? Duk tafiyar nan suna raina. Na ce ko tudun da ke kusa da ruwa aka ba su, ai sun cancanta."

Ƙayoyin tsohuwa suka miƙe, sannan suka kwanta a hankali. Ta ce, "Marka, a ina kika yi karatu?"

"A gabas, wajen malamin kakata. Allon itace da tawada. Me ya kawo wannan?"

"Boko fa?"

"Ban taɓa ba."

Sai Gwaggo Dela ta gaya mata abin da aka yi. Marka ta buɗe fukafukai za ta tashi ta je ta yi kururuwa a gaban Kada, tsohuwa ta tare ta. "In kika yi magana yanzu, bakinki ne da bakin Allo, kuma kin san wanda za a zaɓa. Ki yi shiru. Shi za mu sa ya faɗa."

Aka kira majalisa a gindin tsamiya bisa roƙon Gwaggo Dela, don ba a iya ƙin roƙon wadda ta koya wa rabin masu zaman karatu. Kada ya kwanta a gaba. Zomaye da kurege, waɗanda suka rasa 'ya'ya, suka zauna gefe guda. Tasalla da yaranta suka tsaya can baya, inda inuwa ta ƙare.

Gwaggo Dela ta ce, "Ranka ya daɗe, ban zo ƙaryata Allo ba. Wasa kawai nake so a yi mini, irin na tsofaffi. Jatau, sa ya zana ƙwai, da ɗan tsakon shamuwa, da babbar shamuwa. Marka, ke kuma nuna masa yadda za a jera rayuwarki."

Aka zana. Marka ta nuna da baki: ƙwai a dama, ɗan tsako a tsakiya, babbar shamuwa a hagu. Wani ɗan rubutu ya fito a ƙasan gilashi tare da ɗigo biyu, kore da ja. Kafin a ƙifta ido Jatau ya danna kore. Allo ya karanto da muryarsa mai daɗi:

"An yi wata shamuwa babba mai ƙoshin lafiya. Sai ta fara ƙanƙancewa, gashinta ya zube, ƙafafunta suka gajarce. Daga ƙarshe ta shige cikin ƙwai, aka rufe."

Majalisa ta fashe da dariya. Kura ta faɗi tana birgima, tana cewa a nemo mata irin wannan ƙwan. Wani ya ce, "Marka, ashe komawa ciki kike yi in kin tafi gabas!" Amma dariyar ba ta yi tsawo ba. Daga gefen zomaye ta fara mutuwa, har ta zo ta mutu a bakin Kura.

Gwaggo Dela ta ce, "Jatau, me aka rubuta a ƙasa kafin ka danna?"

Jatau ya sosa ƙeya. "Tambaya ce, Gwaggo. Kullum sai ya yi ta."

"Karanta mana."

"Cewa yake, 'Daga hagu zan fara?'"

"Kore fa?"

"Kore, e. Ja, a'a."

"Ka taɓa danna ja?"

"Sau ɗaya, tun farko. Gwaggo, in ka danna ja sai ya yi ta ƙaro tambayoyi, ga jama'a a layi, kowa na sauri. Kuma ai kowa daga hagu yake farawa."

"Kowa da ya yi boko. Wanda ya yi allo da tawada daga dama yake farawa, kuma rabin masu zaman nan sun san haka, don ni na riƙe musu hannu. Fito da hotunan Mantau. Danna ja."

Jatau ya dubi Kada. Kada ya lumshe ido, wanda a wajensa ba a san ko izini ba ne ko barci. Jatau ya danna ja. Allo ya tambayi daga ina zai fara, Marka ta nuna dama. Sai ya karanto, da muryar nan dai da ya karanto na farko, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba:

"Madatsa ta huje, ruwa yana feshi. Sai Dabgi ya zo da ƙasa cike da faratansa. Daga nan madatsa ta koma lafiya lau." Ya ɗan tsaya, sannan ya ƙara da cewa, "A hoton ƙarshe babu Dabgi. Ina ya tafi?"

Marka ta sauko daga reshe ta tsaya a ƙasa.

"Bai tafi ko'ina ba. Hoto uku aka ce kowane mai shaida zai bayar, don adalci, shi ya sa ban ba da na huɗu ba. Ƙasar da yake zubawa ruwa na kwashewa, ya zuba, ruwa ya kwashe. Na yi ta kira, ba mai jina saboda ruwan sama. Sai na ga ya juya ya shiga ramin da baya, ya cika shi da jikinsa, ya miƙa faratansa ya janyo ƙasar sama ta rufto masa. Ruwa ya tsaya. Na jira ya fito har duhu ya fara. Bai fito ba."

Can baya Tasalla ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta zauna a inda take, cikin rana. Wata tsohuwar zomanya da ta rasa jikoki ta tashi ta tafi wajenta, ta tsaya kusa da ita.

Kada ya buɗe ido. Ya yi gyaran murya, ya yi magana a natse, don shi ba mai gaggawa ba ne.

"Jama'a, muna godiya ga Gwaggo, uwa ce gare mu duka. Abin da ya faru yau ya ƙara mana yaƙini cewa Allo ba ya ƙarya, domin abin da aka ba shi ya karanta, da can da yanzu. To amma ku duba. Labari biyu ne a gabanmu, daga baki ɗaya. Na farko majalisa ta saurara, ta zauna a kansa, ta rufe. Na biyu an same shi ne bayan an danna ɗigon da ba a saba dannawa ba. In muka ce yau na biyu ne gaskiya, gobe duk wanda Allo ya taɓa kayarwa zai zo ya ce shi ma daga dama kakarsa take farawa. Rikicin gona, rikicin rami, rabon gado, duk sai an sake. Wa zai iya zama a dajin nan? Mai shaida kuma, da girmanta, ita ta jera ba bisa tsari ba, ta tafi ba ta saurara ba. Ban ce ta yi ƙarya ba. Na ce majalisa ba ta aiki da abin da ba ta gani ba. An ce yana ciki. Wa ya gan shi a ciki?"

Tasalla ta miƙe. Muryarta ba ta yi ƙarfi ba, amma an ji ta. "Ranka ya daɗe, tono sana'ar gidanmu ce. A nuna mini wurin, in tona kaɗan daga sama. Na san ƙashin uban yaran nan. Ko farce ɗaya na fito da shi, ya isa."

Kada ya girgiza kai cikin alhini. "Baiwar Allah, da zan iya da na ba ki. Amma kin san doka. Duk wanda ya ɗora farce a kan madatsa, an raba shi da ruwa. Ba ni na yi ta ni kaɗai ba, dukanmu muka yi ta, kuma saboda abin da ya faru aka yi ta. Ga damina ta kawo kai. In kika tona ta ɓalle, wa zai amsa wa zomaye?"

Zomaye suka dubi juna, suka dubi kwari inda sababbin ramukansu suke. Ba wanda ya ce a tona.

Gwaggo Dela ta ce, "Ranka ya daɗe, ni tambaya ɗaya ta rage mini, kuma ba Allo zan yi wa ba. Ranar da kwamiti ya zo gyara, me ya tarar?"

"Kwamiti ya ba da rahotonsa tun bara, Gwaggo, kuma an karɓa."

Aka shiga shawara. Ba a daɗe ba aka fito da matsaya. Daga yau kowane mai shaida daga hagu zai jera, ko a ina ya yi karatu. Jan ɗigon kuwa, tunda an ga irin ruɗanin da yake jawowa, aka umarci Jatau ya liƙe shi da ƙaro. Labarin farko yana nan yadda yake, don an riga an koya wa yara shi. Sai dai majalisa, saboda tausayi da kuma albarkacin Gwaggo, ta yi wa iyalin Mantau afuwa, suna iya shan ruwa.

Tasalla ta ce, "Afuwar me, ranka ya daɗe?"

"Afuwa dai."

"Ina nufin, laifin me aka yafe?"

"Baiwar Allah, ana ba ki ruwa kina tambayar sunansa?"

Ta buɗe baki za ta sake magana, sai ƙaramin ɗanta ya jingina da ƙafarta. Ta dube shi. Harshensa ya yi fari. Gwaggo Dela na kallonta, ba ta ce mata karɓi ba, ba ta ce mata ƙi ba, don ba ita ke da yaran ba. Tasalla ta rufe bakinta, ta durƙusa kamar yadda ake yi, ta ce ta gode.

Majalisa ta watse ana yabon sauƙin kan shugaba. Jatau ya tafi neman ƙaro. Kafin ya dawo, tambayar Allo tana nan a kan gilashi, "Ina ya tafi?", har hasken ya dushe don kansa.

Tasalla ta kora yaranta zuwa tafki, Marka na tafe a gabansu a ƙasa, abin da shamuwa ba ta saba ba. Suka wuce mashaya inda kowa ke sha, suka bi gefen madatsa har inda Marka ta tsaya ta nuna da baki. Ciyawar wurin ta fi ta ko'ina kore. Yaran suka zabura za su kafa kai a ruwa, uwar ta tare su.

"Ku tsaya. Ku yi sallama tukuna."

"Ga wa, Inna?"

"Ku yi dai."

Suka yi sallama, sannan suka sha. A ranar ta fara takaba.

Damina ta zo da ƙarfi a shekarar, ta ci gefen madatsa nan da can, amma wurin nan ko ɗigo bai yi yoyo ba. Kowace shekara, in an taru bikin cikar tafki, akan kai baƙi wurin a nuna musu ingancin aikin kwamiti, su taka, su ji ƙarfinsa, su yaba. Wurin kuwa yana da ƙarfi. Mantau ne a ciki.